Harsuna sama da 100 a wayar wakilin shinkafa: yaya zan sauke su?

Nura Jega: Assalamu alaikum, barkanmu da war haka. Shawara nake nema a kan manhajar yanar gizo da muka yi wa wata ƙungiyar masu sayen shinkafa. Wakilansu ne ke shiga da waya suna rubuta buhu nawa aka auna, wa ya kawo, da ranar da za a biya shi, daga Suru, Bunza, Argungu har Kamba. Ƙorafinsu ɗaya ne: duk ranar da muka ɗora sabon gyara, shafin sai ya tsaya fari fat, wakili na riƙe da waya, manomi na tsaye a kansa yana jira. Daren jiya na sa webpack-bundle-analyzer, mai nuna nauyin kowane fayil a taswira, ya zana mini abin da ke cikin ƙunshin da muke turawa sabar. Sai ga wani ƙaton fili mai suna moment/locale, an yanyanka shi ƙanana-ƙanana: ru.js, ja.js, hi.js, ka.js, bn.js, haka dai har sama da 100. Ni ban kira ko ɗaya daga cikinsu a kod ɗina ba, Moment kaɗai na shigo da shi, wato laburaren JavaScript (kod ɗin da wasu suka riga suka rubuta) mai lissafin rana da lokaci. Ta ina suka biyo, kuma yaya zan fitar da su ba tare da na ɓalle wani abu ba? Webpack 5 nake amfani da shi wajen haɗa fayilolin kod su zama ƙunshin da ake turawa.

Hauwa'u Argungu: Wa alaikumus salam. Nura, ba daga kod ɗinka ba ne, daga cikin Moment ne. Akwai wani layi a cikinsa da ke neman fayil ɗin yare da suna, wato yana haɗa './locale/' da duk sunan da aka ba shi a lokacin da manhaja ke aiki. Webpack kuwa a lokacin haɗa gini bai san wane suna za a bayar ba. Tunda bai sani ba, sai ya kwashe duk abin da ke cikin wannan babban fayil ɗin ya zuba maka, don kada a nema a rasa. Shi ya sa ka ga Rashanci da Japananci. Idan ka duba da kyau har wani yaren ƙirƙira na fim yana nan, tlh.js. Kusan kashi uku cikin huɗu na nauyin Moment waɗannan fayilolin ne.

Maganin da ya fi sauƙi, a cikin jerin plugins na webpack.config.js ka ƙara wannan:

new webpack.IgnorePlugin({ resourceRegExp: /^\.\/locale$/, contextRegExp: /moment$/ })

Ka lura da yadda na rubuta shi. Tsofaffin amsoshin da za ka gani a intanet suna jera abubuwan biyu ne kai tsaye ba sunaye, wannan salon Webpack 4 ne, a na 5 zai ba ka kuskure.

Sani Gusau: Ni dai kafin kowa ya taɓa komai, ina so a tabbata nan ne ciwon yake. Abin da taswirar ke fara nunawa ba shi ne abin da ke bi ta waya ba. Nura, a gefen hagu akwai zaɓi uku, ka danna na gzip, wato girman fayil bayan an matse shi don turawa, ka ga girman gaskiya. Fayilolin yare suna matsuwa sosai don tsarinsu iri ɗaya ne. Na sha ganin an kwana ana rage kilobait ɗin JavaScript, alhali hoton shugaban ƙungiya da ke shafin farko ya kai mega biyu.

Nura Jega: Yaya Sani, hoto ɗaya ne a manhajar, tambarin ƙungiya, kuma ƙarami ne. Na danna gzip ɗin, gaskiya ya ragu sosai, amma har yanzu yarukan sun fi Moment ɗin kansa girma nesa ba kusa ba.

Injiniya Bashir: Sani ya yi gaskiya a kan awo, kada a yi aiki da ka. Amma akwai abu biyu da matsewar gzip ba ta ɗauke wa mutum. Na farko, bayan wayar ta sauke fayil ɗin sai ta warware shi, burauza ta bi ta kansa ta karanta. Gaskiya ne ba za ta gudanar da yaren da ba a kira ba, Webpack na naɗe kowanne daban sai an neme shi, amma bin ta kansa ma aiki ne, kuma wayoyin wakilan nan na san irinsu, itel ne da ƙananan Tecno masu giga ɗaya ko biyu na ƙwaƙwalwa, ga WhatsApp na cin rabonsa a baya. Na biyu, ka ji abin da yaron ya ce: ranar da aka ɗora gyara abin ke faruwa. Nura, Moment a fayil ɗaya yake da kod ɗinku?

Nura Jega: Eh ranka ya daɗe, duk a main suke.

Injiniya Bashir: To ka gani. Kana canza harafi ɗaya a kod ɗinka, sunan fayil ɗin ya canza, abin da burauza ta ajiye ya tashi a banza, kowane wakili ya sake sauke Rashanci da Japananci daga farko. Ba sau ɗaya suke biya ba, duk sabuntawa suke biya, da datar da suka saya da kuɗinsu. Kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a farashin kira da data a watan Janairun 2025, ba wanda ke wasa da mega. Ka cire yarukan, sannan ka raba laburaren waje da kod ɗinka da splitChunks, yadda gyaranka ba zai taɓa su ba.

Sani Gusau: Wannan ta biyun na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Ita ce ma nake ganin za ta fi yi musu amfani.

Nura Jega: Na sa IgnorePlugin ɗin Anti Hauwa'u a na gwaji. Alhamdu lillahi filin nan ya ɓace gaba ɗaya daga taswira. Amma ga wani abu: takardar shaidar awo da ta kamata ta nuna 03/04, wato 3 ga Afrilu, yanzu 04/03 take nunawa. Ba wani jan rubutu a konsol.

Hauwa'u Argungu: Kada ka ɗora shi a na jama'a tukuna. Ka nemo inda aka rubuta moment.locale a kod ɗinku, na tabbata za ka ga 'en-gb', wato Turancin Birtaniya. Wannan ma fayil ne a cikin waɗanda ka kora. Turancin Amurka kaɗai ne ke zaune a cikin Moment ɗin kansa, shi kuma wata yake fara rubutawa kafin rana. Da ya nemi en-gb bai samu ba, sai ya yanke wutsiyar sunan ya koma en, shiru, ba gargaɗi. Abin ma bai tsaya a nan ba: a en mako daga Lahadi yake farawa, a en-gb daga Litinin. Idan kuna da rahoton "awon wannan mako", jimillarsa za ta canza.

Ka shigo da shi da hannunka: import 'moment/locale/en-gb'. Wannan kiran kai tsaye ne, IgnorePlugin ba ya hana shi.

Nura Jega: Wallahi haka ne, muna da rahoton mako, kuma da shi ake lissafin ladan wakilai. Na shigo da shi, rana ta dawo daidai.

Umaru Kamba: Salamu alaikum. Ni ba gwani ba ne kamar ku, amma wagga manhaja ina ganin masu aiki da ita a nan. Ina roƙon kada a cire Faransanci. Mutanen Gaya da na Doso daga Nijar suna tsallakowa kasuwa, wasu wakilan ma can suka yi makaranta, da Faransanci suka iya karatun wata da rana. In aka ba su takarda da Turanci sai sun nemi mai karanta musu.

Sani Gusau: Malam Umaru, su nawa ne? Don idan mutum biyar ne cikin ɗari, bai kamata sauran su ɗauki nauyinsu ba.

Umaru Kamba: Ba su da yawa, amma manyan masu kawo kaya ne.

Hauwa'u Argungu: Ba sai an zaɓi ɗaya ba ai. Fayil ɗin fr shi kaɗai ɗan mitsitsi ne, ko an bar shi a ƙunshi ba wanda zai ji nauyinsa. In kuma ana so a yi ta tsaf, sai a kira shi da import mai jira, wato sai mutum ya zaɓi Faransanci sannan burauza ta je ta ɗauko shi. Abu ɗaya dai, Nura: a Moment duk yaren da ka shigo da shi kai tsaye, nan take yake zama yaren manhaja gaba ɗaya. Idan ka jera en-gb sannan fr, kowa Faransanci zai gani. Bayan ka gama jera su dole ka sake kiran moment.locale da wanda kake so.

Aliyu Zuru: Ni ContextReplacementPlugin nake amfani da shi, layi ɗaya ne, ka faɗa masa yarukan da kake so ya bari kawai.

Hauwa'u Argungu: Yana aiki, amma a kula da yadda aka rubuta zaɓin. Wanda ya rubuta /fr/ tsurarsa zai samu fr-ca da fr-ch, wato Faransancin Kanada da na Suwizilan, a kai. Wanda ya rubuta /ar/ zai kwaso Larabcin Aljeriya, Kuwait, Libiya, Maroko, Saudiyya da Tunisiya duka. Shi ya sa na fi son a kore su gaba ɗaya, a kira wanda ake so da suna a cikin kod, inda duk wanda ya gaji aikin zai gani da idonsa. Akwai kuma moment-locales-webpack-plugin ga mai son jera sunaye kawai.

Injiniya Bashir: Duk wannan daidai ne, amma akwai abin da ke damuna tun da Nura ya turo saƙon farko, kuma ba wanda ya taɓo shi. Ku buɗe jerin nan ku duba. Akwai yo na Yarbanci, akwai sw na Swahili. Babu ha. Wato wakilin da ke zaune a rumfar awo a Bunza yana sauke sunayen watanni da harsuna sama da 100, nasa ba ya ciki. Kamar a ɗora wa jakinka buhunan mutanen gari duka, a bar naka a gona. Nura, allon manhajar da Hausa yake ko?

Nura Jega: Da Hausa yake, ranka ya daɗe. Maɓallai da saƙonni duk mun fassara. Ranaku ne kawai ke fitowa da Turanci, don ban samu na Hausa ba.

Injiniya Bashir: To rubuta shi za ka yi, ba ya kai layi 40. moment.defineLocale ka ba shi suna 'ha', ka jera watanni daga Janairu zuwa Disamba, ranaku daga Lahadi zuwa Asabar, ka ce rana ce gaba sannan wata sannan shekara. Sai ɓangaren da ya fi daɗi, na lokacin da ya wuce: "minti 5 da suka wuce", "jiya da ƙarfe 4", "gobe", "nan da kwana 3". Manomi idan aka ce masa biyansa ranar Alhamis 12 ga wata, ya gane nan take, don da ranakun kasuwa yake lissafi. Idan aka nuna masa lambobi da sanda a tsakani, sai ya tambayi wani. Wurin da ka samu bayan korar harsunan da ba ka buƙata, ɗan kaɗan daga cikinsa ya ishe ka wannan.

Aliyu Zuru: Injiniya, ba gara ya bar Moment ɗin gaba ɗaya ba? Masu shi da kansu tun Satumban 2020 suka rubuta cewa sun daina ƙara masa sabon abu, gyaran dole kawai suke yi, har suka nuna wa mutane Luxon, Day.js da date-fns. Day.js wajen kilobait 2 ne, kiran ayyukansa kusan iri ɗaya da na Moment, kuma ba ya ɗauko yare sai wanda ka kira.

Sani Gusau: A'a Aliyu. Ana tsakiyar kakar saye za ka ce ya canza laburaren da ke lissafin ranar biyan kuɗin mutane? Kamannin nan nasu ne ma abin tsoro. A Moment idan ka ce add, ranar da ke hannunka ce ke canzawa. A Day.js sabuwa yake ba ka, ta hannunka na nan yadda take. Duk inda aka rubuta add ba a karɓi abin da ya dawo ba, kod zai yi ta aiki ba kuskure, ranar biya kuwa ba ta matsa ba. Wannan ba aikin dare ɗaya ba ne, sai da gwaje-gwaje.

Aliyu Zuru: Ban ce yau ba. Amma sabon aiki dai kada a fara shi da Moment.

Sani Gusau: A kan sabon aiki ba mu da saɓani.

Hauwa'u Argungu: Kuma canza laburare ba ya raba mutum da wannan matsalar in bai kula ba. A date-fns idan ka kira fr shi kaɗai, shi kaɗai zai shigo. Amma na ga masu rubuta import * as locales don su zaɓa daga baya, shi ke nan sun dawo da kowa da kowa. Masu haɗa gini da Vite maimakon Webpack ma haka, import.meta.glob da eager a kan babban fayil ɗin fassara yana zuba duka a ƙunshi ɗaya. Dokar dai ɗaya ce a ko'ina: in ka bar sunan fayil a buɗe, mai haɗa gini zai ɗauko duk abin da sunan zai iya zama.

Zainab Yauri: Ina bin ku tun ɗazu. Tambayata, me ya sa ba za a yi amfani da Intl.DateTimeFormat ba? Shi ma yana rubuta rana da lokaci da yaruka daban-daban, kuma yana cikin burauza, ba a sauke komai. Kuma bayanan CLDR na Unicode, wato rumbun sunayen watanni da ranaku na harsuna da Intl ke dogara da shi, suna da Hausa, har da ta Nijar da ta Gana. Daga can ne ma Angular ke samun fayil ɗinsa na ha.

Injiniya Bashir: Tambaya mai kyau, Zainab. Ga Turanci da Faransanci ita ce hanya mafi tsabta, Luxon ma a kanta ya dogara. Ga Hausa sai an yi hattara. Kasancewar yare a CLDR daban, kasancewarsa a cikin burauzar da ke wayar mutum daban, don masu burauza suna rage bayanan su ma saboda nauyi, musamman a waya. In babu, ba za ta yi kuka ba, yaren wayar za ta koma. Kuma kada kwamfutarki ta ruɗe ki: Node, mai gudanar da JavaScript a kwamfuta, tun daga na 13 yake zuwa da cikakkun bayanan harsuna, don haka gwaji zai wuce lafiya a can. Ki kira Intl.DateTimeFormat.supportedLocalesOf da 'ha' a ainihin wayar wakili, in ya dawo da jeri fanko kin san amsa. Ni sunayen wata 12 da rana 7 na fi son in riƙe su a hannuna.

Zainab Yauri: Na gane. Zan gwada a wayoyin gidanmu in faɗa muku abin da na gani.

Nura Jega: Wani abu kuma da na gani a taswira yanzu da yarukan suka tafi: moment-timezone, da wani ƙaton fayil na bayanai. Wanda ya fara aikin ne ya sa shi.

Hauwa'u Argungu: Me kuke yi da shi? Najeriya lokaci ɗaya gare ta, awa ɗaya gaban GMT, ba a matsar da agogo rani ko damina. Nijar da Benin ma haka. Mutumin Gaya da na Jega agogonsu ɗaya. Wancan fayil ɗin tarihin canjin agogon duniya ne kaf. In dai don a tilasta lokacin Najeriya ne ko da wayar mutum ta karkace, utcOffset na 60 ya ishe ka. Ka nemi duk inda aka kira .tz ka gani.

Nura Jega: Wuri biyu ne kawai, duka 'Africa/Lagos'.

Hauwa'u Argungu: To ka sallame shi.

Sani Gusau: Bari in dawo kan Faransancin Malam Umaru, don akwai rami a shawarar import mai jira. Nura, manhajar tana aiki ba intanet?

Nura Jega: Tana yi, da Workbox, wanda ke ajiye fayilolin manhaja a cikin waya. Dole ce ta sa, akwai wuraren da sai an hau tudu ake samun sabis.

Sani Gusau: To ka saurara. Workbox yana jera duk fayilolin da gini ya fitar, ya sa waya ta sauke su a ɓoye tun buɗewar farko. Wato ko ka yanka yaruka gutsure-gutsure ka ce sai an nema, shi zai bi ta baya ya sauke su duka, sai dai in ka ce masa ya tsallake su da exclude. In kuma ka ce ya tsallake, ranar da wakilin Kamba ya canza zuwa Faransanci a inda ba sabis, ba abin da zai zo. Mu nan Zamfara mun ga abin da ya fi haka a Satumban 2021 da aka rufe layukan waya a jihar baki ɗaya. Abin da ke cikin waya shi ne naka, abin da ke sabar sai dai labari. Don haka ni a ganina, yaren da ka san mutanenka na amfani da shi, ka bar shi a cikin abin da ake ajiyewa tun farko. Uku ne kacal: ha, en-gb, fr.

Injiniya Bashir: Ka ga yanzu kai ne ke kare Faransancin.

Sani Gusau: Da na ji girmansa ne, Injiniya. Fayil ɗin ranaku ba komai ba ne. Fassarar allon manhaja gaba ɗaya ita ce mai nauyi in ta yi yawa, ita za a iya cewa sai wanda ya zaɓa zai sauke, a ajiye masa daga ranar.

Umaru Kamba: Allah ya saka da alheri. Amma a sa wurin canza yaren inda za a gani, ba can ƙasa ba.

Zainab Yauri: Ni kuma ina da roƙo a kan fayil ɗin Hausar. In za a rubuta, a tsaya a kan rubutu ɗaya. Wani zai sa Fabrairu wani Faburairu, wani Jumma'a wani Juma'a, wani Afrilu wani Afirilu. Kuma gajerun sunaye na kalanda sai an zauna: Alhamis da Asabar duk da A suke farawa, Lahadi, Litinin da Laraba duk da L. Harafi ɗaya ba zai yi ba, ko biyu ma Lahadi da Laraba sun yi karo.

Hauwa'u Argungu: Uku za a yi: Lah, Lit, Tal, Lar, Alh, Jum, Asa. Sai a duba ko kalandar za ta ɗauke su a ƙaramin allo. Nura, ka buɗe ma'ajiya a GitHub ka sa fayil ɗin shi kaɗai, kowa a nan ya duba. Ni ma ina da aikin wata makarantar Islamiyya da ke buƙatarsa.

Nura Jega: In sha Allahu yau da dare. Abin da ke na gwaji yanzu: yarukan Moment sun fita sai en-gb da fr, moment-timezone ya fita, laburaren waje sun koma fayil ɗinsu daban. Na ha ne ya rage. Malam Umaru, in na turo maka adireshin gwajin gobe da safe, za ka iya ba ɗaya daga cikin wakilan can ya buɗe a wayarsa, ya canza zuwa Faransanci, sannan ya kashe data ya sake buɗewa?

Umaru Kamba: Turo. Amma ka bari sai bayan azahar, da safe suna wurin awo.